Yadda ake haɗa mazaunin samfuri da fayif da fallen roba ba tare da mahaɗa ta buɗe ba

Tambayar da aka aiko ta fito ne daga wani mai harhaɗa ƙananan samfura, wanda ya yanko guntun fayif ɗin magudana mai faɗin milimita 110, ya rufe samansa da farin fallen roba irin wanda masu wannan aiki ke amfani da shi, domin ya samu mazaunin da zai ɗora sojoji biyu na ma'aunin 1:35 (wato an rage girmansu na gaske sau 35) da ɗan kangon gini. Ya manna murfin da gam ɗin da ya saba haɗa samfuransa, amma bayan 'yan kwanaki sai ya ɓalle da ɗan taɓi kaɗan. Da ya sake mannawa da sufagulu ya fesa fenti, layin mahaɗar ya fito fili, ga shi kuma mazaunin yana rawa a kan tebur. Yana neman a nuna masa inda matsalar take, da yadda ake aikin tun daga yanka har zuwa fenti.

Malam, abubuwa ukun nan da suka dame ka, wato ɓallewar murfi da fitowar layi da rawa, biyun farko asalinsu ɗaya ne, kuma asalin shi ne ka ɗauki fayif da falle a matsayin abu guda saboda dukansu roba ake ce musu. Fayif ɗin magudana galibi PVC ne, shi kuwa farin fallen da kamfanoni irin su Evergreen da Tamiya ke yi wa masu samfura folistirin ne, irin robar da ake zuba sassan samfurin kansa da ita. Gam ɗin samfura, kamar Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, ba ya riƙe abu da danƙo. Sinadari ne da ke narkar da fuskokin folistirin guda biyu har su cuɗe da juna, sannan ya bushe ya bar su sun zama jiki ɗaya. Idan ɗaya fuskar PVC ce, sinadarin zai narkar da fallen kaɗai, narkakkiyar robar ta ɗan lafe a bakin fayif ɗin har mutum ya zaci ya kama, alhali babu abin da ya shiga jikin fayif ɗin. Shi ya sa murfinka ya tashi da taɓi ɗaya, kuma na tabbata da ka duba bakin fayif ɗin a lokacin, da ka same shi sumul kamar ba a taɓa sa masa komai ba.

Kafin a je ga gyara, akwai gwajin da ya kamata ka yi wa fayif ɗin kansa, domin ba kowane fayif mai ruwan toka ba ne PVC. Akwai na wasu robobin daban da ake kira PP da PE, waɗanda gam ba ya kama su, fenti ma ba ya zama a jikinsu sai da wahala, kuma duk ƙoƙarin da za a yi a kansu ɓata lokaci ne. Yawanci an buga sunan robar a rubutun da ke jikin fayif, amma idan rubutun ya goge, sai ka yanki ɗan ƙaramin guntu ka jefa cikin ruwa: PVC ya fi ruwa nauyi da kusan kashi 40 cikin 100, saboda haka zai nutse nan take, PP da PE kuwa za su taso sama. Haka kuma sandararren fayif ake so. Tiyo mai laushi da sauran PVC mai lanƙwasuwa suna ɗauke da wani mai da ke sa su laushi, wanda a hankali yake tsattsafowa ya narkar da duk folistirin ɗin da ya daɗe yana taɓa shi. Masu haɗa samfuran motoci sun san wannan ciwo daga tayoyin roba da ke cinye rim bayan shekaru.

Hanya mafi sauƙi ita ce a guje wa haɗa roba iri biyu tun farko. Akwai fallen PVC, musamman mai sauƙin nauyi da masu allunan talla ke amfani da shi, wanda aka fi sani da sunayen Forex da Sintra, kuma mai kaurin milimita 3 zuwa 5 yana yankuwa da wuƙa, yana kuma kamuwa da fayif ɗin PVC da gam ɗin masu aikin famfo, ya zama jiki ɗaya da gaske. Aibinsa shi ne gefensa yana da ƙananan ramuka da sai an cike su kafin fenti, kuma fuskarsa tana lotsawa idan farce ya danna ta. Wanda ya samu fayif na robar da ake kira ABS kuma, to shi da folistirin 'yan gida ɗaya ne, gam mai ƙarfi irin Plastic Weld na Plastruct ko sinadarin MEK yana narkar da su duka biyun. Abin da ba na ba da shawararsa shi ne a shafa gam ɗin famfo a kan siririn fallen folistirin: yana da zafi ƙwarai, yana cin fallen fiye da kima, kuma bayan kwana biyu ko uku sai a ga saman ya lotsa daidai inda gam ɗin ya taru a ƙasa.

To amma tunda fallen folistirin ne a hannunka, kuma shi ne ya fi daɗin aiki wajen sassaƙa da goga da fenti, abin da za ka yi shi ne ka daina ɗora wa gam nauyin riƙe murfin shi kaɗai. A gina mahaɗar yadda ko babu gam murfin zai zauna daram, sannan gam ya zo ya hana shi fita kawai.

Ga yadda ake yi. Fayif na milimita 110 da aka fi samu kaurin bangonsa kusan milimita 3.2 ne, ke nan faɗin cikinsa wajen 103.6 ne, amma ka auna naka, domin kauri yana bambanta. Ka yanko wani zobe daga fayif ɗin nan dai, mai tsayin milimita 10 zuwa 15, ka tsaga shi ka cire guntu daga kewayensa domin ya matsu ya shiga ciki. Abin da za a cire kusan kaurin bango sau shida da ɗan ɗoriya ne, wato wajen milimita 20 a wannan fayif. Gara ka fara cire 18, ka riƙa gogewa kaɗan-kaɗan har bakunan biyu su haɗu a matse a ciki. Wannan zobe shi ne matakin da murfi zai zauna a kai, kuma da yake shi da fayif ɗin roba ɗaya ce, gam ɗin famfo zai haɗe su har abada. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma abin da za a ɗora a sama shi ke nuna wadda za a bi.

Ga aiki irin naka, mai ƙasa da baraguzai da kango, ka tura zoben ƙasa da bakin fayif da kamar milimita 8 zuwa 10, ka yanka faifan falle mai kaurin milimita 2 daidai faɗin ciki, ka jefa shi ya zauna a kan zoben, ka manna da ifoksi, wato gam mai haɗi biyu irin Araldite. Abin da ka samu yanzu ɗan tire ne mai zurfin milimita 6 zuwa 8, wanda za ka cika da kayan ƙasa har su zo daidai baki. Mahaɗar ta koma ciki, ƙasa ta binne ta, bangon waje kuwa jikin fayif ne tsantsa daga sama har ƙasa, babu wani layi da za ka yi fama da shi da samfefa. A ganina duk wanda zai zuba ƙasa a kan mazauninsa ba shi da dalilin bin wata hanya ban da wannan, kuma abin mamaki ne yadda mutane da yawa ke ɗora murfi a sama, su kwashe kwanaki suna ɓoye layin da tun farko ba dole ne ya kasance ba. Ƙarin amfaninta shi ne bakin fayif ɗin yana zama iyaka mai tsabta ga ƙasar, ba ta zubowa, ba ta kuma ɓantarewa idan an ɗauki mazaunin a hannu.

Idan kuwa saman zai zauna a fili sumul, kamar mazaunin mutum-mutumi na kai da ƙirji ko na jirgin sama, to dole murfi ya hau baki, kuma a nan ne ake buƙatar faifai biyu. Na ciki yana zama a kan zoben, samansa daidai da bakin fayif. Na waje kuma, mai kaurin milimita 1.5 ko 2, ana yanka shi ya fi fayif ɗin faɗi da kamar milimita 2 ko 3, a manna shi a kan na ciki, su zama abu ɗaya mai ɗan mataki kamar murfin tukunya. Su biyun folistirin ne, saboda haka gam ɗin samfura zai yi aikinsa, sai dai a huda ramuka da yawa a faifan ciki a ɗiga gam ta cikinsu daga ƙasa, maimakon a malale fuskar gaba ɗaya, domin sinadarin da aka kulle tsakanin falle biyu ba ya samun hanyar fita, sai ya ci gaba da cin robar a hankali. Bayan ya bushe, a goge bakin fayif da ƙasan murfi da samfefa mai lamba 120 har ƙyallinsu ya mutu, a share ƙura, a shafa ifoksi mai jinkirin kamawa, na minti 30 ya fi na minti 5 ƙarfi da ba da sarari, a danna da wani abu mai nauyi a bar shi ya kwana. Ifoksin da ya ɗan tsattsafo waje alheri ne, kada a goge shi duka, domin shi ne zai cike mahaɗar. Washegari sai a kankare abin da ya yi saura na faifan da wuƙa, a bi da magagari, a ƙarasa da samfefa da aka naɗe a jikin katako mai miƙaƙƙiyar fuska, ana goga tare da kewaye, kada a yi sama da ƙasa. Idan aka riƙe samfefa da yatsu kawai, to ta fi cin folistirin saboda ya fi laushi, sai gefen murfin ya shige ciki, layin ya sake bayyana ta wata fuskar.

Sufagulu da ka yi amfani da shi yana kama robobin biyu, amma yana da gautsi, bugu ɗaya a gefe kan iya tsinka shi, kuma idan ya kwana yakan fi folistirin tauri, ta yadda wajen goga robar ke cinyewa shi ya tsaya ya zama ɗan tudu. Layin da ka gani bayan fenti, ko dai wannan tudu ne, ko kuma ramin da gam ɗin bai cike ba.

Batun rawa kuwa daga yanka yake. Zarto ba ya tafiya a miƙe cikin fayif mai faɗi idan aka fara daga gefe ɗaya aka nufi ɗayan. Ka samu takarda mai miƙaƙƙen gefe, wadda tsawonta ya wuce kewayen fayif ɗin, wanda a na 110 ya kai kusan milimita 346, ka naɗe ta a matse har gefenta ya hau kansa daidai babu karkata, sannan ka bi gefen da fensir. Wannan layi a daidaice yake. Ka ɗauki zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, ka fara tsaga ɗan rami marar zurfi kana juya fayif ɗin har ka zagayo, ka bar kamar milimita 1 a wajen layi, sannan ka riƙa zurfafa ramin zagaye bayan zagaye har ya rabu. Daga nan ka manna cikakken fallen samfefa mai lamba 120 a kan gilashi mai kauri, ka shafe bakin fayif ɗin da baƙin fensir ko maka, ka kifa shi kana murzawa kana juya shi a hannu bayan kowane 'yan zagaye, domin hannu yakan fi dannawa ta ɓangare ɗaya ba tare da mai shi ya sani ba. Duk inda baƙin ya rage, wurin bai taɓa gilashi ba tukuna. Idan ya goge gaba ɗaya, bakin ya daidaita. A yi wa sama da ƙasa haka, a tsayar da shi a kan gilashin a gwada da sukwaya, ma'aunin kusurwa na kafintoci, ta ɓangarori huɗu.

Faifai kuma ana fitar da shi ne da kamfas mai reza, ko kamfas mai tsini biyu da ake juyawa baya-baya yana kankaro robar. Ba a neman a ratsa fallen. Idan tsagar ta kai kamar sulusin kaurinsa, sai a ja layuka daga da'irar zuwa gefen fallen, a karya ɓangarorin ɗaya bayan ɗaya, folistirin zai rabu a kan layi. Wanda ya yanka fayif ɗinsa a karkace domin samfurin ya fuskanci mai kallo, ya tuna cewa bakin ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai: karkatar digiri 20 a fayif na 110 tana mayar da tsawon ƙwan kusan milimita 117, ta digiri 30 kuma 127. A nan kamfas ba shi da amfani, sai dai a kifa fayif ɗin a kan falle a zana.

Girman mazauni ya kamata ya fito daga abin da zai ɗauka. Mutum mai tsayin mita 1.75 yana zama milimita 50 a ma'aunin 1:35, don haka fayif na 110 ya ishi sojoji biyu da kusurwar kango, kuma tsayin milimita 30 zuwa 45 ya wadatar. Idan ya wuce haka, ido yakan fara ganin fayif kafin ya ga sojojin. Amma tankar yaƙi ta Sherman a wannan ma'auni ta haura milimita 160 a tsawo, ko fayif na 160 ba zai ɗauke ta da walwala ba, gara a gina mata akwati mai kusurwa huɗu da falle, a tsaya haƙarƙari a ciki duk bayan milimita 40 zuwa 50 domin kada saman ya lotsa. Jirgin saman yaƙi na Spitfire kuma, mai faɗin fukafukai wajen milimita 156 a 1:72, ba ya buƙatar mazaunin da ya kai faɗinsa idan a sama za a nuna shi, ƙaramin fayif mai nauyi a gindi ya isa.

Nauyin nan shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Fayif fanko ne, kuma samfurin resin (zubin roba mai cikakken ciki) mai kai da ƙirji yakan fi mazauninsa nauyi nesa ba kusa ba. A fayif mai faɗin milimita 50, idan tsakiyar nauyin duka tana milimita 100 daga tebur, karkatar digiri 14 kacal ta isa ta kayar da shi. Idan aka sauko da ita zuwa milimita 60, sai ya kai kusan digiri 23 kafin ya faɗi. Manyan washa ko notuna na ƙarfe da aka binne cikin ifoksi a can ƙasa su ne suka fi, domin ba sa motsi, ba sa kuma riƙe danshi. Busasshen yashi da aka cuɗa da ifoksi ma yana yi. Dalma ba ta cancanci haɗarinta ba, filasta kuwa tana riƙe ruwa na kwanaki, kuma idan aka rufe ta da wuri danshin ba shi da mafita. A zuba ifoksi kaɗan-kaɗan, domin idan ya taru da yawa yakan yi zafi wajen kamawa, PVC kuma yana fara laushi tun daga wajen digiri 80 na ma'aunin Salshiyas. A faifan ƙasa, wanda shi ma a ciki ya kamata ya zauna, ɗan sama da baki, a bar ƙaramin rami na milimita 2 domin tururin gam ya samu hanya.

Kafin a rufe ƙasan, a gama shirin abin da zai riƙe samfurin. Falle mai milimita 2 ba zai riƙe sandar tagulla a tsaye ba, saboda haka a manna ɗan katako ko tarin guntayen falle a ƙarƙashin wurin da za a huda, ramin ya samu zurfin aƙalla milimita 10. Ga sojoji, waya ta milimita 1 da ta shiga ta diddige ta isa. Ga jirgi, a dasa siririn bututun tagulla a cikin mazaunin, sandar ta riƙa shiga tana fita, domin a iya raba su wajen ɗauka.

Saura fenti. Rubutun jikin fayif yakan ɓullo ta cikin fenti idan ba a cire shi ba, don haka a goge shi da asiton, sinadarin goge fentin farce, a ɗan ƙyalle, shafa ɗaya da sauri, kuma a yi haka tun kafin a manna falle, domin asiton yana ɓata folistirin. A bi jikin duka da samfefa 240, sannan 400 da ruwa, a wanke da sabulu a bar shi ya bushe sarai. Fentin shimfiɗa mai kauri na gwangwani, irin na masu fentin mota, yana cike ƙananan karce, amma zubin farko ya zama ƙura-ƙura daga nesa, saboda tinar da ke cikinsa kan yamutsa fuskar folistirin idan ta kwanta da yawa. Bayan ya bushe, a kashe fitilar ɗaki a haska tocila daga gefe, kusan a kwance da jikin mazaunin: duk wani rami ko tudu zai fito da inuwarsa. A cike da foti, wato kwaɓin cike ramuka, a goge da samfefa 600, a sake fesawa, kuma a ba shi kwana biyu ko uku kafin fentin ƙarshe, domin foti mai tina yana ƙanƙancewa, layin da ya ɓace yau yakan dawo jibi. Idan an yi tudun ƙasa da soson rufin gini mai tauri, a rufe shi da farin gam na katako kafin fentin gwangwani ya taɓa shi, in ba haka ba zai narke. Launi kuwa, baƙi mai ɗan dushewa ko toka mai duhu ya fi rufa asiri. Baƙi mai sheƙi yana tona duk wani karce da aka bari.

A duk wannan aiki kada a yanka PVC da waya mai zafi ko na'urar leza, kada kuma a ƙona guntayensa, domin yana fitar da hayaƙi mai sinadarin kulorin da ke ƙona huhu da ido, yana kuma sa ƙarfe tsatsa. Gam ɗin famfo da MEK da asiton duk suna kama wuta, a yi amfani da su inda iska ke ratsawa.

Mazaunin da ka riga ka yi ba sai ka jefar ba. Ka zura reza a mahaɗar ka ɓalle murfin, sufagulun zai saki ba da gardama ba, ka daidaita bakunan biyu a kan gilashi, ka sa zoben ciki, sannan ka rage tsohon murfin ya koma faifan da zai zauna a kansa. Milimita 2 ko 3 kawai za ka rasa daga tsayin fayif ɗin.